Ɗorawar Inna da Wutar Ɓuntu

Gidanmu ne na ƙarshe a unguwar. Daga katangarmu sai kanal, daga kanal kuma sai filayen shinkafa da tumatir a shimfiɗe har wajen Bunkure, ba ka hango abin da ya fi mutum tsawo. Manya sun ce lokacin da aka zo gyara ƙasar don noman rani, tun ba a haife ni ba, manyan motoci ne suka bi suka tuge duk abin da yake tsaye, tsamiya da kanya da kuka, don ruwa ya samu hanya. Ɗorawa ɗaya ce ta tsira, ita ma don ta jingina da bayan gidanmu ne, babu yadda za a ture ta ba a haɗa da katanga ba.

Ɗorawar ta Inna ce, mahaifiyata. A wajenmu gona daban, bishiya daban. Mace tana iya rasa ko taku ɗaya na ƙasa amma tana da bishiyarta, kowa kuma ya san tata ce. Inna ta gaje ta daga tata uwar. Da yake ita da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne, a gidan aka haife ta, a nan aka ɗaura mata aure, ɗaki kawai ta sauya. Rabin rassan ɗorawar sun tsallako katanga sun rufe kusurwar da take aiki, ni dai ban san Inna a wani wuri ba sai a wannan inuwar.

Sana'arta turara shinkafa. 'Yan kasuwa su kawo mata shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, buhu-buhu, ta jiƙa da ruwan zafi ta kwana, da safe ta tsame ta zuba a rabin duro, ta rufe da tsohon buhu, ta hura wuta har sai ɓawon ya tsage. Daga nan a shanya, in ta bushe a kai inji a Kura. Ni kuwa na dawo gida ne a farkon shekarun dubu biyu, bayan aurena na fari ya mutu, Baba kuma ya riga ya rasu. Na dawo da akwatina da bakina, don tun ina yarinya an san ba na barin magana ta kwana a cikina. Inna ba ta nemi dogon bayani ba. Ƙwarya ta miƙo min, ta ce in tsame mata shinkafa.

Abin da na fi tunawa game da ita a shekarun nan shi ne hannunta na dama. Ba ya hutawa. Tana hira tana iza wuta, tana cin tuwo tana iza wuta, ko sallah ta idar, kafin ta shafa addu'a idonta ya koma kan murhu. Bayan hannun duk tabon ƙuna ne. Idanunta kullum jajur suna zubar da ruwa, har baƙo in ya shigo sai ya rage murya, yana zaton an yi mana rasuwa. Ban taɓa ganin ta a zaune hannuwanta biyu a kan cinya ba.

Aikin nan yana cin itace kamar me, itace kuwa ba namu ba ne. Daga dazuzzukan kudu ake kawo shi a manyan motoci, kuma kowace shekara motocin suna raguwa, ƙullin yana ƙara siranta. Karan dawa ma ya yi wuya tunda kowa ya koma shinkafa, harawar shinkafa kuma sai ta tashi fuu ta mutu kafin ka juya. Babu abin da Inna ba ta cusa a murhun nan ba: tsofaffin kwandunan tumatir, kashin shanu, totuwar masara. Ranar da ta haɗa da wasu tsofaffin silifa, mai shinkafar ya dawo yana cewa matarsa ta dafa ta ji ƙaurin roba. Na ga yadda abin ya yi wa Inna ciwo, don ita da aikinta take taƙama.

A wannan lokacin ne Yaya, babban wanmu, ya sayi babur. Shekarun da babura masu araha suka cika ƙasa ke nan, duk saurayin da ya sayar da tumatir ya samu abin kirki sai ya dawo da guda. Yaya ya shiga acaɓa tsakanin Kura da ƙauyuka, keken Baba kuma aka rataye shi a zaure, gizo-gizo ya mayar da shi gida. Ba na cewa Yaya mugu ne. Mutum ne mai son a yi a gama. Wata safiya ya shigo gaishe da Inna ya same ta tana tari a cikin hayaƙin ɗanyen kara, ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi rassan ɗorawa.

Ya ce, "Inna, ga itace a kanki kina wahala. Wannan in aka sare ta aka faskara, ai kin huta har baɗi."

Na ce, "In baɗin ta zo kuma sai a faskara wa? Kai?"

Ya ce ba da ni yake ba. Na ce ni da shi nake. Inna ta bar mu muka yi ta yi, tana iza wutarta. Sai da muka gaji sannan ta yi magana, ba tare da ta dubi kowa ba. Ta ce a bari ta yi 'ya'yan bana tukuna, in an kaɗe, a kira masu gatari.

Lokacin ɗorawar ta fara fure, jajayen tutun nan suna reto a kanmu, ƙudan zuma suna ta kuka a ciki tun asuba. Da can ina son wannan lokaci fiye da kowane, amma a shekarar nan ko ɗaga kai ba na son yi. Duk furen da ya faɗo cikin shanya sai in ji kamar ana ƙirga mana kwanaki. Inna kuwa ba ta sake tayar da maganar ba. Sai dai na lura in ta je zuba ruwan jiƙo, a gindin katanga take zubawa, daidai inda saiwar take, kamar mai shayar da ragon layya.

Akwai wata mata da muke kira Maman 'yan biyu, suna haya a bakin hanya kusa da mai faci. Daga wajen Filato suka zo, mijinta yana gyaran injinan ban ruwa, ita kuma tana suyar ƙosai da safe. Kirista ce, ranar Lahadi ba a samun ƙosanta. Gajeriya ce mai ƙarfi, mai dariya da dukan jikinta, kuma ita kaɗai ce macen da na sani a yankinmu da take hawa keke ido na ganin ido. Ta ɗaura zani a kan wando ta taka abinta, maza su bi ta da kallo, ita ko a jikinta. Hausarta irin ta can ce, kowa "ka" ne a wurinta, namiji da mace, har Inna ta gaji da gyara mata ta haƙura.

Na sha sayen ƙosanta, amma sai da maganar sare ɗorawa ta shiga raina sannan idona ya buɗe. Ina tsaye ina jiran ta kwashe, sai na ga babu ko sili ɗaya na itace a wurin. Kaskonta yana kan wani tsohon bokitin ƙarfe, wuta tana fitowa ta tsakiya, shiru, ba hayaƙi, ba tartsatsi. Na tambaye ta da me take suya. Ta nuna min buhu a jingine da kekenta.

Ɓuntu ne. Ƙaiƙayin shinkafar da inji yake tofarwa ta baya. Duk wanda ya san Kura a shekarun nan ya san tsibin ɓuntun da yake bayan injina, ya fi ɗaki tsawo. Masu injin sun rasa yadda za su yi da shi, sai su cinna masa wuta, ya yi ta ci a ciki yana turnuƙe unguwa mako da makonni. Mun sha wucewa ta wurin muna toshe hanci da mayafi, muna ɗauke da shinkafar da muka ƙona itacen duniya kafin mu turara. Na tsaya a gaban matar nan ƙosaina yana hucewa a hannu, haushin kanmu ya cika ni.

Ta nuna min yadda ake yi. A samu bokiti ko rabin duro a huda shi a gefe ta ƙasa. A tsayar da taɓarya a tsakiya, a zura wani sanda ta hudar har ya taɓo ta. Sai a riƙa zuba ɓuntu ana ɗan yayyafa ruwa ana dannawa da ƙafa, har ya cika ya yi tauri. Daga nan a murɗa taɓaryar a hankali a zare, a zare sandan, sai ga rami ya tafi daga ƙasa ya ɓullo sama. A sa ɗan kara mai wuta a bakin ramin, shi ke nan. Ta ce a garinsu da garin katako suke yi, da ta zo nan ta ga ɓuntu yana zube sai ta gwada.

Na ce, "In ta fara ja baya fa, me ake ƙara mata?"

Ta ce, "Ba komai. Wannan wuta ba ya son taimako. Ka bar shi kawai."

Saura ɗauko ɓuntun. Daga gidanmu zuwa injin tafiya ce mai ɗan nisa, buhun ba nauyi gare shi sosai ba amma ya cika girma. Na roƙi Yaya ya ɗauko mana a babur. Ya ce shi da man da yake saya a kwalba wurin 'yan bumburutu ba zai yi dakon shara ba, kuma in ƙaiƙayi ya shiga kujerar, duk fasinjan da ya hau sai ya sauka yana susa. Wannan ta biyun gaskiya ce, na ba shi. Na wuce zaure na sauko da keken Baba.

Ni da Maman 'yan biyu muka tashe shi. Ta cire tayoyin da cokali biyu, muka nutsa tiyub a baho muna neman inda yake kumfa, ta manna faci, ta ɗiga man gyaɗa a sarƙa. Ƙararrawar ce kawai ta ƙi. Da aka ba shi iska ya tsaya da ƙafafunsa, sai na tuna a kan kariyar nan ta baya Baba yake ɗora ni in za shi duba ruwa a gona.

Inna ta kafa min sharaɗi: in tura, kada in hau. Bazawara a kan keke, ta ce, ba da ita za a yi wannan abin faɗa ba. Na ce to. A cikin gari kuwa turawa nake yi, lulluɓe da mayafina, salihar baiwar Allah. Amma in muka hau bakin kanal, inda babu kowa sai balbelu, Maman 'yan biyu takan riƙe min kariya ta ce in taka. Na faɗi har ban san adadi ba, sau ɗaya ma cikin albasar wani na zube. Ranar da ta saki ban sani ba, sai muryarta na ji can baya tana ihu, ni kuwa ina tafe, ruwa yana gudu a gefena, iska mai ƙanshin danshi tana cika min mayafi. Tun da na dawo gidan nan ban yi dariya irin ta ranar ba. Babu ƙara sai ta sarƙa. Ana jin kwaɗi, ana jin masu ban ruwa suna kiran juna daga nesa. A dawowa kuma mu ɗaure buhu a kariya, mu cusa wani a tsakanin ƙarfen, mu turo muna hira. Har yau in na rufe ido, wannan hanyar nake gani.

Kafin in shawo kan Inna ta yarda a gwada, ɗorawa ta nuna, an kaɗe, mun cika ɗaki da ita. Yaya ya riga ya yi magana da wasu masu gatari daga wajen Madobi. Da ƙyar Inna ta ce to, a gwada sau ɗaya. Na danna ɓuntu a wani tsohon rabin duro yadda aka koya min, na gitta ƙarafa a kai, muka ɗora shinkafa. Wuta ta kama lafiya lau. Na gaya wa Inna sau uku kada ta taɓa, ta ce ta ji, ita ba yarinya ba ce. Na shiga ɗaki ɗauko buhun rufi ke nan, ban fi minti ba, na ji wani irin "buf". Na fito na tarar da tsakar gida ta cika da farin hayaƙi, Inna tana tsaye da guntun itace a hannu. Ta leƙa ramin ne ta ga ba ta ga harshen wuta yadda ta saba ba, hannun ya tafi da kansa. Ta soka itacen, bangon ɓuntun ya rufta, wutar ta shaƙe.

Shinkafar ta yi rabi dafe rabi ɗanye, kuma ta mutane ce. Sai da muka ƙone ragowar itacenmu kaf kafin mu ceto ta. Inna ta zauna a bakin ƙofa tana share ido, ta ce, "Wutar da ba a izawa ai ba wuta ba ce. Ki gaya wa yayanki su zo jibi." Na buɗe baki, ta ɗaga min hannu. Na san wannan hannun, na juya na kama kwashe ɓuntun da ya rufta.

Washegari na je na zazzage wa Maman 'yan biyu komai, har da kuka. Ta saurare ni tana juya ƙosai. Ba ta ba ni haƙuri ba. Ta tambaye ni ko akwai sauran ɓuntu a gida, na ce buhu guda. Ta ce ba zai isa ba.

Ranar da aka sa, da hantsi, muna tsame shinkafar da aka jiƙa, babu ko ƙwayar itace a gidan, Inna tana nufin a fara da ƙananan rassa in sun faɗo. Sai muka ji sallamar maza a bayan katanga, da muryar Yaya yana nuna musu ta inda za ta faɗi. Kafin in ajiye ƙwarya, gatari ya sauka. Sara ɗaya. Ganye ya zubo cikin shinkafar. Na dubi Inna, na ga fuskarta ta yi wani iri, kamar ita aka sara a gadon baya. Ta dafa katanga.

Ta ce da ni a hankali, "Je ki ce su dakata. A bar ni in gama aikin yau a inuwa, in ya so bayan azahar su yi."

Na fita a guje ko mayafi ban gyara ba. Saran ya shiga kamar faɗin tafin hannu, jan ruwa yana tsattsafowa. Masu gatarin su biyu ne, dattijo da matashi, suka ce babu damuwa, su ma ranar ta yi zafi. Suka jingina gatura suka zauna a gindinta. Ina juyowa sai ga Maman 'yan biyu ta ɓullo ta bakin kanal, ta bar suyar ranar, kekenta ya ɓace a cikin buhuna, kanta kawai ake gani.

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta gaishe da Inna har ƙasa, ta jawo duron, ta ɗauki taɓaryar Inna ta kafa, ta cire takalmi ta hau tana dannawa, gumi yana zuba. Inna tana kallon ta, ta ce, "'Yar nan, kada ki wahalar da kanki. Ni na san hannuna. Sai dai in ɗaure shi za ku yi."

Da wasa ta faɗa. Ni kuwa ina da kwaɓaɓɓen lalle a ɗaki tun jiya, na ƙafata, don bazawara ba ta zama haka nan. Na shiga na ɗauko, na sauko da zungurun ƙunshin Inna na amarci da yake rataye a bayan gado, na karkaɗe ƙura. Na zo na durƙusa a gabanta na ce ta kawo hannu.

Ta ce, "Ke, ba ki da hankali? Da tsufana? Ga maza a bayan gida?"

Na ce, "Ke kika ce a ɗaure, Inna. Ni umarni nake bi."

Maman 'yan biyu ta fashe da dariya har ta kusa faɗowa daga kan duron. Ina jin dariyar ce ta karya Inna. Ta yi tsaki, ta kawar da kai, amma ta miƙo. Rabon hannun nan da lalle tun Baba yana da rai. Na shafa masa a hankali, ina bin tabon ƙuna ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa riƙe shi na daɗe haka ba. Na zura na daman a zunguru, na naɗe na hagun da leda da tsumma. Muka zaunar da ita a tabarma ta jingina da katanga, muka ɗora shinkafa, muka kunna.

Zaman nan ya yi wa Inna wuya fiye da aikin. Ta ce wutar ta mutu, ba ta jin ƙararta. Ta ce in leƙa. Na leƙa na ce tana nan. Can ta yunƙura za ta tashi, zungurun ya bugi katanga, Maman 'yan biyu ta dafa mata gwiwa ta ce, "Mama, ka zauna. Yau kai ne baƙo." A bayan katanga muna jin masu gatari sun samu ragowar ɗorawa suna sha, dattijon yana ba Yaya labarin wata da aka sare a garinsu shekarun baya. Tsakar gidan ta yi tsit, babu hayaƙi. A hankali na ga kafaɗun Inna sun sauka. Ta jingina kai, ta ɗaga ido tana kallon rassan, ta daɗe a haka. Ta ce ashe akwai sheƙar kurciya a can sama, ita ba ta taɓa gani ba.

Tururi ya fara ratsa buhun rufi, ƙanshin ya tashi. Na buɗe na ɗebo a tafi na kai mata har gaban ido. Ɓawon ya tsage tas, baki ɗaya, babu wadda ta ƙone a ƙasa. Ta ce in sa mata ɗaya a baki. Ta ciza, ta tauna. Muka juye muka ɗora ta biyu, wutar tana nan yadda take. Muka ɗora ta uku. Aka kira azahar.

Yaya ya leƙo ya ce mutanen nan suna jira. Ya ga Inna a zaune da hannu a zunguru, ya tsaya baki buɗe. Ta ce masa a auna wa bayin Allah shinkafa mudu-mudu saboda wahalar hanya, a ba su haƙuri.

Ya ce, "Inna, yau kin samu. Gobe fa?"

Ta ce, "Gobe ma akwai ɓuntu. Ko an daina cin shinkafa ne?"

Na bi su da shinkafar har waje. Bakinsu ya yi rawaya da garin ɗorawa, su biyun. Dattijon ya kwaɓa laka daga bakin kanal ya shafe saran da hannunsa kafin su tafi, ya ce kada ƙwari su shiga.

Da muka kwance ƙunshin, lallen ya kama jawur. Inna ta yi ta juya hannuwan tana kallo kamar na aro. Daga ranar ba ta sake rabuwa da lalle ba, da farko don tsoron hannun, daga baya don ta ga ya yi mata kyau. Matan unguwa suka riƙa tsokanar ta wai miji take nema, ita kuwa ta ce in sun samu mai keke su turo. Su ɗin ma da suka zo kallon abin mamaki, ba a daɗe ba kowace ta nemo duro. Kekunan da aka rataye a zaure suka fara saukowa. Da safe sai ka ga layi a bakin kanal, 'yan mata da tsofaffi da samari, kowa da buhunsa. Tsibin bayan inji ya yi ta raguwa har aka daina cinna masa wuta. Tokar ma ba ta zube ba, masu albasa suna zuwa kwasa. Idanun Inna suka washe, ashe farare ne.

'Yan shekaru kaɗan ta samu na wannan zama, ba su kai yadda na so mata ba. Maman 'yan biyu ce ta fara tafiya, mijinta ya samu aiki a gida suka koma. Lokacin wayar hannu ba ta zo hannun irinmu ba. Ta rungume Inna a tsakar gida suka yi ta kuka, ta ce za ta zo, mu ma muka ce za mu je, alhali ko sunan ƙauyensu ban riƙe daidai ba. Ban san ko tana raye ba. Duk macen da na gani a kan keke sai na bi ta da kallo har ta ɓace.

Inna ta rasu kafin shekarar dubu biyu da goma, bayan gajeriyar jinya, ni kuma na riga na sake aure na koma wajen Kumbotso. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Da na ɗago hannunta na dama don in zuba ruwa, lallen yana nan, bai ko fara kwancewa ba. A nan ne na kasa, sai da aka fitar da ni.

Da aka zauna rabon abin da ta bari, Yaya ne ya fara magana. Ya nuna ni ya ce ɗorawa kada ma a sa ta a lissafi, ta mai keke ce. Babu wanda ya musa. Ni da nake zaman haya a ɗaki biyu, ina girki da gas a wani lungu da ko rana ba ta shiga, abin da na mallaka a duniya bishiya ce da ba ta ɗaukuwa.

Ina zuwa duk shekara in ta yi fure. Matar Yaya ce take turara shinkafa a kusurwar yanzu, 'ya'yanta suke ɗauko ɓuntu, kuma a ganinsu haka ake yi tun fil azal. Keken Baba yana nan yana aiki, ƙararrawar har yau ba ta yi. Nakan zaga bayan katanga in nemi saran. Ya haɗe, sai ɗan kumburi da ya rage, in ba wanda ya sani ba ba zai lura ba. Daga nan in dawo ciki in shimfiɗa tabarma a inda muka zaunar da ita. Ba na taya kowa aiki, su ma sun daina tambayar ko lafiya. Ina zama har la'asar, hannuwana biyu a kan cinya, sannan in tashi in nemi motar komawa.